Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Injin da ke shan ƙura

A makon jiya na tsaya a kan yadda aka raba kayan aiki bayan rasuwar Kawu, Allah Ya jiƙansa, kuma na yi alkawarin kawo labarin aurena na biyu. Masu jiran wannan labari su yi mini haƙuri, domin ranar Talata ina juye garin katako a bayan shago sai maganar Kawu ta faɗo mini a rai, kuma na san ba zan iya rubuta wani abu ba sai na sauke ta. Abin da yakan ce shi ne: “Ƙurar katako ba ta kashe ɗan kafinta.” Ya gaya mini ita tun ranar da na fara shiga shagonsa a unguwar Bukoki ta Yamai a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin ina yaron da ya sauko daga Tawa da ƙunshin tufafi ɗaya, ina ta atishawa har idanuna suna hawaye. Ya miƙo mini gwangwanin madara ya ce in sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, amma a zamanin nan wane yaro ne zai buɗe baki ya gaya wa Kawu haka?

Na sayi injin shan ƙurar a ƙarshen 2022, bayan wani tari da ya hana ni barci kusan wata biyu. Likitan da ya duba ni ya tambaye ni irin katakon da na fi aiki da shi, na ce farin katako, wanda muke kira samba, sai ya gyaɗa kai ya ce an daɗe da sanin ƙurarsa tana jawo asma, haka ma ta iroko. Ya bayyana mini cewa garin da muke sharewa da tsintsiya ba shi ne babban abin tsoro ba, abin tsoron shi ne wanda ido ba ya gani, wanda bai kai mikron 10 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, domin shi ne yake wuce gashin hanci ya gangara ƙirji. Daga bakinsa na fara jin cewa hukumar binciken cutar daji da ke birnin Liyon na Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji, musamman ta hanci, tun a 1995. Na yi lissafi a zuciyata, a 1995 ina shekara ɗaya a hannun Kawu, ina shan madarata.

Tsohon inji ne na kwantena, irin kayan da ke shigowa ta Kwatano, kuma a warware aka sayar mini da shi, ba takarda ba zane, a kan kuɗin da zai sayi ragon layya biyu masu kyau. Da muka baje shi a kan tabarma muka tarar da motar da ke juya fanka, mai ƙarfin kilowat 1.5, mai aiki da wutar waya uku ta bolt 380, da fanka ta ƙarfe a cikin gidanta mai siffar dodon koɗi, da ƙafafu masu tayoyi, da buhuna biyu, na leda a ƙasa domin tara gari, na yadi a sama domin iska ta fita. Na fara da ƙafafun, kuma nan na yi amfani da abin da Kawu ya koya mini a haɗa gado, wato kada a ɗaure noti ɗaya tamau sai kowane ya shiga raminsa. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, a wannan fanni ban ga kamarsa ba. Yara biyu suka ɗaga motar na ɗaure ta, na juya fankar da hannu in ji ko tana gogar wani wuri, sannan muka ɗaure buhunan da maɗaurinsu na ƙarfe.

Ban gayyaci kowa ba, amma ranar gwaji sai ga Yaya, babban ɗan Kawu, wanda masu bin labarin nan suka san shi ya tafi da injin goge katako a ranar rabo, alhali ni na biya rabin kuɗinsa da gumina. Ya zauna a kan benci yana cin goro. Na kunna inji, ya yi ƙara mai daɗin ji, buhun sama ya ɗan kumbura, na kai bakin tiyo kusa da tarin gari, sai ya riƙa tsintarsa kamar kazar da ta ƙoshi. Yaya ya yi dariya har da buga cinya, ya ce: “Ƙanena, ai tsintsiyar dala ashirin ta fi wannan aiki. Ka manta abin da tsoho yake cewa ne? Ƙurar katako ba ta kashe ɗan kafinta.” A gaban yarana ya faɗi haka. Na ce masa, “Gaskiyarku ne, Yaya,” domin ba a tarbiyyantar da mu da mayar wa babba magana ba, amma a daren nan ban taɓa tuwo ba.

Washegari mai gyaran wutar unguwarmu ya zo, ya goge dattin da ke jikin gidan fanka da babban yatsansa, sai ga wata kibiya da ke nuna inda ya kamata ta juya. Ashe baibai take juyawa. Irin wannan fanka ko ta juya baibai tana jan iska, sai dai kaɗan, shi ya sa mutum yake zaton injin ne ya mutu. Ya kashe wuta, ya sauya wa waya biyu daga cikin ukun wuri, aikin da bai kai minti biyar ba, da muka sake kunnawa kuwa sai da ya fizge hular ƙaramin yarona. Na so a ce Yaya yana wurin, amma mai dariya ba ya dawowa ganin gyara.

Wahalar gaske a tiyo take. Da fari na ja tiyon roba mai lanƙwasa, wajen mita takwas, har zuwa wurin zarto, sai na ga ƙarfin ya ragu ƙwarai, saboda cikinsa gargada ne kuma iska tana tuntuɓe a kowane ƙulli. Na tafi kasuwar Katako na sayo bututun roba mai santsin ciki na milimita 100, na bi da shi jikin bango, na bar guntun mai lanƙwasa a bakin kowane inji kawai. A kowace kwana na sa gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90, kuma na yi wa kowane reshe ƙofa ta falanki mai zamewa, domin motar da ke da wannan ƙarfi inji ɗaya take iya yi wa hidima a lokaci guda. Iskar tana bukatar gudun kusan mita 20 a daƙiƙa kafin ta riƙe gari a sama, in ta gaza haka sai ya kwanta a cikin bututu ya toshe shi. Kuskurena na biyu shi ne na rage bakin da ke zuwa injin sandar, wato mai goge katako da takarda mai yashi, zuwa milimita 50, ina zaton rabi na rage, ashe idan aka raba faɗin bututu biyu kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar iska ne yake saura.

Lokacin hunturu ne, iska a bushe, sai yara suka fara ƙin taɓa bututun, wai yana ja, ɗaya ma ya rantse akwai abin da ya shiga ciki. Gogayyar gari da roba ce take tara wutar, irin wadda bargo yake yi da dare. Na naɗa wayar tagulla tsirara a jikinsa na haɗa ta da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, jan ya ragu sosai. Bayan haka wata ƙusa ta bi tiyo ta daki fanka, na ji ƙarar har cikin haƙorina, kuma duk wanda ya zauna a Yamai ya san abin da tartsatsi ɗaya yake yi a inda katako ya taru. Shi ya sa na kai tano, wato ganga, mai lita 200 wurin mai walda, ya huda murfinsa ya sa baki biyu, na shiga a karkace ta gefe domin iska ta riƙa kewayawa kamar guguwa, na fita a tsakiya. Gari mai nauyi da ƙusoshi suna faɗawa ƙasan tano, iska da ƙura siririya kaɗai suke wucewa zuwa fanka. Na liƙe bakin murfin da tsohon tub na babur, domin ko ƙaramar kafa ce takan hana garin kwanciya. Wannan tano shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk shagon, har fiye da ƙofofin da na yi wa masallacin unguwarmu.

Kawu ya yi shekarunsa na ƙarshe yana barci a zaune, an jingina shi da matasai uku, domin in ya kwanta numfashi ba ya isarsa. Ba zan ce ƙura ce ta kashe shi ba, ajali ne, kuma Inna ba ta son a ɗauko zancen. Amma ni ne nake kwana a ɗakin, ni na riƙe masa kwano. Wata rana da asuba ya kama hannuna ya ce, “Kai yaro, ka riƙa shan madara,” na ce, “To, Kawu.” Wannan ne ya dawo mini ranar da hasken rana ya ratso ta hudar kwanon rufi ya sauka a kan buhun sama, na ga ƙura siririya tana fita ta jikin yadin kamar hayaƙin turare. Buhun yana tare manya ne yana sakin ƙananan da likita ya ce su ne mugaye, wato na sayi injin da ke raba mini su ko'ina cikin shago. A makon nan muka huda bango, muka fitar da injin waje ƙarƙashin rumfa, aka bar bututu kaɗai a ciki, kuma har yau wanda zai yi sandar sai ya rufe hancinsa.

Da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023, injin ya yi kwanaki da yawa shiru, muka koma ga tsintsiya, kuma an kawo mini labarin cewa Yaya ya ce ai dama ya faɗa. Wutar ta dawo. Yanzu masu kiwon kaji suna zuwa sayen garin da tano ya tara domin shimfiɗa, ban da na falankin da aka haɗa da gam, wanda nake warewa daban. A watan da ya wuce sai ga yaron Yaya da ma'auni a hannu, ya ce babansa ya aiko shi ya auna murfin tanon, ba gaisuwa ba saƙo. Na riƙe masa bakin ma'aunin da kaina, na kuma nuna masa kibiyar da ke jikin fanka, na ce ya gaya wa babansa ya duba ta kafin ya tara mutane. Maganar aure sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.