Buhun gishirin Baffa

Asabar. Tun ƙarfe tara ƙasar Garwa ke ƙona ƙafa ta cikin silifas. Abban Ummi yana Marwa sai Litinin, yara sun ishe ni, na ce mu tafi gidan zu, ko ba komai akwai inuwa. Baffa ya ce ƙafarmu ƙafarsa. Mashin biyu daga Yelwa, ni da Auta, shi da Ummi, hannunsa ɗaya dafe da hula har muka isa.

Birai sun cinye mana gyaɗa. Kada kuwa ko ƙifta ido, Auta ya rantse na siminti ne.

Muka zauna gindin darbejiya, na fito da gorar folere, wato zoɓo. Sai Ummi ta ce ita ngabbu take son gani. Baffa ya ce, "Dorina ake cewa a gidan nan." Ya ce a kai ta gadar Binuwai da yamma ta gani da idonta. To daga dorina sai tashar jirgin ruwa, kun dai san Baffa. Yadda jirage ke hawowa daga Najeriya ta Lakwaja da Yola idan kogi ya cika, wata biyu zuwa uku kacal a shekara, a sauke gishiri da siminti, a loda auduga da gyaɗa kafin ruwa ya janye. Yadda yake dako yana saurayi. Yadda yaƙin Biyafara ya tsayar da jiragen a 1967, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin titi, aka zo aka datse kogin a Lagdo a 1982. Shekarun nan na haddace su kamar karatun allo.

Yana kawowa daidai ranar da buhun gishiri ya suɓuce masa a kan katakon hawa jirgi, ni kuma Auta na jan zanina zai yi fitsari, sai na ji bakina ya ce, "Baffa, ai kun sha ba mu wannan."

Bai ce komai ba. Ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar. Can ya ce, "Haka ne, 'yar nan." Shi ke nan.

Da ma faɗa ya yi mini. A hanyar dawowa muka bi ta Rumde Ajiya, inda ba ya wucewa bai tuna mana Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema a filin nan a 2022 ba. Yau shiru. Mutumin da ko sunan Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, aka ambata sai ya ce ɗan garin nan ne amma kabarinsa na Dakar, yau har gida bai tanka wa kowa ba sai mai mashin, shi ma kan canji.

Tuwo ya yi ruwa. Wanki na nan jibge.

Bayan isha'i na aika masa fura, kwanon ya dawo rabi. Ina shimfiɗa wa Ummi ta ce, "Mama, to buhun ya faɗa ruwa ne?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, ashe ban sani ba. Shekara nawa ina jin labarin nan, kullum daga wurin katakon nake tashi duba tukunya.

Har yanzu ina jiyo rediyonsa ta taga.