Ba haƙori ba ne, ruwan jikinsa ne yake ƙarewa

Har gobe in na ji an ce wa uwa "rabu da shi, haƙori ne," sai raina ya ɓaci. Maganar da aka yi ta nanata mini ke nan a daminar bara, da autana ɗan wata tara ya fara zawo a gidanmu na Rigasa. Maƙwabta suka faɗa, mai kyamis ma ya faɗa, ya haɗo mini Flagyl na ruwa ya karɓi kuɗinsa. Alhali kowa ya san halin rijiyoyinmu in ruwa ya sauka kwata ta tumbatsa, ga yaro yana rarrafe, abin da ya tsinta sai baki.

Surukata Hajiya ce ta fara ganin abin. Ta ɗauke shi bayan la'asar, ta shafa tsakiyar kansa, ta ce, "Ke, maɗigar yaron nan ta faɗa." Na taɓa, wurin ya lotsa. Idanu sun zurma, yana kuka ba hawaye, rabonsa da fitsari tun safe. Dole in ba ta haƙƙinta, idon tsofaffi ba ya ƙarya a kan irin wannan. A magani muka raba hanya. Ta aika a nemo abin da ake kwaɓawa a shafa a maɗiga, a dafa ganyen gwaiba, a kuma rage masa nono wai ciki ya huta. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, bari dai a duba shi." Ba ta ji daɗi ba, amma ta yafa mayafi ta bi ni.

A asibitin sha-ka-tafi nas ta mintsini fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare, da ƙyar ta koma. Nan take ta tura mu babban asibiti. An nemi jijiya a hannu an rasa, sai a ƙafa aka samu aka ɗaura masa ruwa. Ina riƙe da shi, ko ƙarfin tsala ihu ba shi da shi. Duk a kan haƙori.

Abin da ya fi ba ni mamaki a bayanin da aka yi mini: ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake haɗawa da ruwa a ba mai zawo, ba ya tsayar da zawo, ba aikinsa ba ke nan. Ruwa da gishirin da ke zuba yake mayarwa, kuma ƙarewarsu ce ke kashe yaro. Faɗuwar maɗiga ma alamar hakan ce, shafe-shafe daga waje ba ya ɗago ta. Mata da yawa sukan ba da ORS, su ga zawo bai tsaya ba, su ce ba ya aiki, su koma kafso. Mafi yawan zawon jarirai kuwa irin ƙwayar cutar da Flagyl ba ya taɓawa ce ke kawo shi, kamar rota, wadda aka sa rigakafinta cikin na yau da kullum a Najeriya a 2022.

Ki karanta jikin ledar ORS ɗin kafin ki haɗa. Mai lita 1 ruwan leda biyu ke nan, a juye garin duka, kada a raba shi da ka. Yaron da bai kai shekara 2 ba, rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane kashi, cokali-cokali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Haɗin da ya wuce awa 24 a zubar. In dare ya yi babu ORS a gida, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce. Gishiri in ya yi yawa illa ne. Lemun kwalba kuwa ƙara zawon yake.

Nono ba a rage shi, ƙara shi ake yi. Kunu da ruwan shinkafar da iyayenmu ke bayarwa suna kan hanya, nas ɗin da kanta ta ce wa Hajiya a ci gaba da su. Sai maganin zinc na ƙwaya, wanda tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa shi da ORS: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Nan aka fi sakaci, don yaro na warwarewa ake jefa sauran ƙwayoyin a loka. Ni a cokali nake narkar da ita da ɗan nono, yana tofarwa ina mayarwa, har muka cika kwanakin.

Daga baya na leƙa kantar mai kyamis ɗin nan, ga ORS da zinc a jere, ranar ko ambatarsu bai yi ba. Haƙoran kuma sai da aka kwana biyu da sallamarmu suka leƙo, ba tare da ko ɗigon zawo ba.

In kin ga jini a kashi, ko yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ki nemi adaidaita a daren, kada ki jira gari ya waye.