Abin da kalmar shrink ta koya mini a aikin fassara

A shekarata ta farko a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, inda aikina shi ne mayar da rahotannin Turanci zuwa Hausa kafin labaran yamma, na ɗauka cewa kalmar shrink tana cikin waɗanda na gama sani tun daga makarantar sakandare. An koya mana cewa ma'anarta ƙanƙancewa, ni kuwa na riƙe wannan gam, duk inda na gamu da ita sai in rubuta hakan in wuce. Wata rana aka kawo rahoto a kan Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma ya koma ƙasa da 2,000 bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Na rubuta cewa tafkin ya ƙanƙance. Editanmu, wani dattijo da ya daɗe a aikin, ya karanta, ya sauke tabarau, ya ce, "Malam, a garinku idan rani ya tsananta, me masunta ke cewa kogi ya yi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, cewa suke yi ruwa ya janye, ko kuma ya ƙafe." Ya miƙo mini takardar bai ƙara cewa komai ba.

Abin da na rubuta ba kuskure ba ne kai tsaye, kuma mai sauraro zai fahimta, amma tambayar ta sa na koma manyan ƙamusoshi domin in ga daga ina kalmar ta taso. Asalinta scrincan ne a tsohon Turanci, wato harshen da ake yi a Ingila kafin shekara ta 1100, kuma a wancan zamani ana faɗin ta ne ga abu mai rai da ke yanƙwanewa, kamar ganyen da ya yi yaushi ko gaɓar jiki da ta shanye saboda ciwo ko tsufa. Tana da 'yar'uwa a harshen Suwidin, skrynkla, mai nufin yamutsewa irin ta tufafi ko fata. Haruffan sc na farkon kalmar su ne suka rikiɗa suka zama sh, kamar yadda scip ta zama ship, fisc kuma ta zama fish. Daga nan ne na gane cewa hoton da ke ƙarƙashin kalmar shi ne na abin da ke tattaruwa yana komawa cikin kansa, kuma raguwar girma sakamako ne kawai na wannan tattaruwar. Wannan ne ya bambanta ta da decrease da diminish, waɗanda suka shigo Turanci daga Latin ta hanyar Faransanci, suke kuma magana a kan adadi ko ƙima ba tare da sun nuna wa mutum siffar abin ba.

Tarihin ya kuma warware mini wata matsala da ta daɗe tana damuna. Malamanmu sun nace cewa shrank ce siffar shuɗaɗɗen lokaci, shrunk kuma sai bayan have ko has, daidai da drink, drank, drunk, amma ina yawan jin Amurkawa suna cewa it shrunk babu wani ɗar. Ashe a tsohon Turanci siffofi biyu ne na shuɗaɗɗen lokaci, scranc ga tilo, scruncon ga jam'i, don haka jayayyar ta girmi duk malaman da ke yin ta. A rubutun hukuma har yanzu shrank ake so, ni ma ita nake koya wa masu neman sanin aiki, sai dai na daina ɗaukar mai cewa shrunk a matsayin wanda bai iya Turanci ba. Siffa ta huɗu, shrunken, ta koma sifa zalla, kamar idan ana bayanin fuskar da ta zabge saboda jinya.

Inda sanin asalin ya fi yi mini amfani shi ne a ma'anar da ba ta da alaƙa da girma ko kaɗan. Idan aka ce wani shugaba did not shrink from his duty, ba a nufin jikinsa, ana nufin bai ja da baya ba daga nauyin da ke kansa. Wanda ya taɓa ganin kunkuru ya noƙe kai cikin ƙoƙonsa, ko yaro ya takure a lungu saboda tsoron bulala, ya ga yadda ma'anar farko ta haifi ta biyu, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace sarai, domin mu ma muna cewa wane ya noƙe idan ya ƙi fitowa ya yi abin da ake jira daga gare shi. Daga nan ne Turawa suka samo shrinking violet, wadda ke nufin mutum mai tsananin kunya, ko da yake violet sunan wani fure ne, kuma duk mai fassarar da ya kawo zancen fure a wannan wuri ya ɓatar da mai sauraro.

A labaran tattalin arziki aikin ya fi sauƙi. Lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na shekarar 2020, jaridun Turanci sun yi ta musanya shrank da contracted, mu kuwa "ya ragu" ko "ya ja baya" sun ishe mu. Haka ma a maganar tufafi, inda kowa ya san yadin da ya motse bayan wankin farko har wando ya ɗage ya bar idon sawu a waje.

Babban tuntuɓen da na yi ya zo ne a wani aikin gefe, na fassara littafin horar da ma'aikatan wani babban kanti. Na gamu da shrinkage, na tuna yadi, na rubuta "motsewar kaya". Mai kula da sito, wanda aka ba ya duba fassarar, ya kira ni ya tambaye ni cikin ladabi ta yaya bokitin roba da katan ɗin sabulu za su motse. A bakin 'yan kasuwar Turawa, shrinkage ita ce giɓin da ake samu tsakanin abin da littafi ya nuna da abin da aka ƙirga a sito, ko saboda sata, ko lalacewa, ko kuskuren lissafi. Kalma ce ta sakaya zance, wadda ke ba manaja damar maganar sata ba tare da ya kira kowa ɓarawo ba. Na gyara zuwa "giɓin kaya", na kuma ji kunyar da har yau ban manta ba, domin shafi fiye da goma ne na sake bi layi-layi.

Akwai kuma shrink da ke nufin likitan ƙwaƙwalwa, wadda take taƙaitawa ce ta headshrinker, wato mai ƙanƙantar da kan mutum, kalmar barkwanci da ta bazu a Amurka a shekarun 1950. Tushenta al'adar mutanen Shuar ne na Ekwado da Peru, waɗanda a da suke sarrafa kan abokin gaba da suka kashe har ya dawo kamar dunƙulen hannu. Akwai ɗan shaguɓe a cikinta, saboda haka idan ta fito a hira nakan rubuta "likitan ƙwaƙwalwa" kawai, in bar barkwancin a can inda aka haife shi, tunda babu mai sauraronmu da zai yi dariyarsa.

Ta baya-bayan nan ita ce shrinkflation, haɗin shrink da inflation mai nufin hauhawar farashi, wato kamfani ya rage yawan abin da ke cikin kwali ya bar farashi yadda yake. Misalin da aka fi ambata shi ne na cakulan Toblerone a Birtaniya a 2016, lokacin da aka rage mai giram 170 zuwa 150, mai giram 400 kuma zuwa 360, ta hanyar faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tsinin cakulan ɗin. Da rahoto mai wannan kalma ya iso teburina, wani matashin abokin aiki ya ba da shawarar mu ƙirƙiro sabuwar kalma ta hanyar haɗa tsukewa da hauhawa, kamar yadda Turawa suka yi. Na tambaye shi ko ya lura da girman ƙosai da burodin da yake saya a bakin titi, ya ce sun zama rabin na da, kuɗin kuwa bai sauya ba. Na sake tambayarsa me ake ce wa mai awo da ya bubbuge gindin kwanonsa domin hatsi ya ragu. A labaran yammacin ranar muka ce kamfanoni sun koma tauye mudu, kuma edita bai taɓa jimlar da alƙalaminsa ba.