Saƙon godiya bayan dawowar alhazanmu Garwa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, rukunin ƙarshe na alhazanmu ya sauka Garwa ta Kamaru lafiya. Mu masu rakiyar maniyyata muna miƙa godiya ga iyayenmu malamai da suka yi bita, da ma'aikatan lafiya da suka duba katunan rigakafin shawara da sanƙarau, da direbobin Marwa da Ngaundere. Godiya ta musamman ga iyalan da suka kwana a bakin filin jirgi suna jira. Allah ya saka da alheri.

Da yawa sun tambaye mu dalilin daɗewar jirgin a hanya. Tsakanin Garwa da Jidda akwai kilomita 3,000 da 'yan kai in an miƙe, ta kan Chadi da Sudan da Bahar Maliya. Jirgin fasinja yana cin kimanin kilomita 850 a awa, don haka tafiyar awa 4 ce in an haɗa da tashi da sauka. Sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023, jirage da yawa suna kauce wa sararin samaniyarta, su zaga ta arewa ko ta kudu. Zagayen nan yana ƙara lokaci, yana ƙara mai, kuma nauyin man yakan sa a rage kaya. Zafi ma yana da hannu, domin iska mai zafi ba ta ɗaga jirgi mai nauyi kamar mai sanyi. Abin da ke sa wasu akwatuna su biyo baya ke nan.

Inda aka fi ruɗewa shi ne agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta ne. Jirgin da ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe, ya yi awa 5 a sama, ƙarfe 1 na rana zai sauka Garwa, ba ƙarfe 3 ba. A wajen tafiya kuwa ƙara awa biyun ake yi. Mun ga masu tarbar baƙi da suka makara saboda wannan lissafi kaɗai, abin bai yi mana daɗi ba.

Muna yaba wa hajiyoyin da suka riƙe maganin hawan jini da na sukari a jakar hannu, har suka kula da tsofaffi lokacin jira. Maniyyatan baɗi su yi koyi da su. Mai sauka Jidda ya nufi Makka, ya sa haraminsa kafin jirgi ya kai miƙati; wanda zai fara da Madina sai a Zul-Hulaifa, miƙatin Madina.

Wanda akwatinsa ko zamzam ɗinsa bai iso ba, ya adana 'yar takardar kaya da aka manna masa a tikiti, ya zo da ita tare da fasfonsa.