Mage da mai juna biyu

Makon jiya na je duba 'yar ƙanwata a Kawo, cikinta wata huɗu. Na tarar da ita a tsugune tana kwashe kashin mage da ledar burodi, ɗaya hannun riƙe da waya. Tana gamawa ta yanko ɗanyar hanta ta jefa wa magen. Na ce, “Ke 'yar nan, kin san abin da kike taɓawa?” Ta ce, “Haba Inna, ai mage ba najasa ba ce.”

Ni ma abin da na riƙe ke nan ina amarya a Tudun Wada. Ɓeraye suka hana mu sakat, na kawo mage. Ta ci ɓera, in ƙara mata da ɗanyen tarkacen nama daga wurin mahauci, ta yi kashi a tulin yashin tsakar gida, sai ya kwana biyu in share, in wuce kicin. Cikina na fari ya zube. Da aka auna jinina, likita ta ce na taɓa kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna toxoplasma.

Mage na ɗaukar ƙwayar daga ɓera, tsuntsu ko ɗanyen nama, ta yi mako 1 zuwa 3 tana zubar da ita a kashi, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Idan ƙwayar ta kama mai ciki karon farko, tana iya kaiwa ga ɗan tayi: ɓari, ko taruwar ruwa a cikin kan jariri, ko lalacewar ido. Ba zan rantse magen ce ba. Ina cin tsiren da bai gasu ba, ina cin latas ɗin lambunan bakin kogi da wankin je-ka-na-yi-ka, duk hanyoyin kamuwa da ƙwayar ne. Kuma wa ya gaya mana? To amma hankali ai bai ce a bar kashi ya kwana a tsakar gida ba.

Ku 'yan mata, kada ku kori mage. A kwashe kashin kullum, don ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum. Mai ciki ta bar wa miji, ba ya rage masa girma. Nama a dafa, har na magen. Ku da komai ke cikin wayarku, amma sai hoton mage a kan filo kuka iya! Kai, in mijin naki malalaci ne, kai magen gidan uwarsa sai kin haihu.