Ranar da aka ce Yaya ta zaɓa

Yau muka koma asibiti da Yaya domin jin sakamakon gwaje-gwajen. Tun da aka zuƙe mata ruwan da ya taru a kewayen huhunta na dama numfashinta ya ɗan daidaita, har ta hau matakala tana yi mini tsiya cewa ni ce mai haki. Sai dai likita bai ɓoye mana komai ba: sankarar maman ce ta dawo, ta kai ga huhu, kuma aikin magani yanzu shi ne ya danne ta, ya rage mata wahala gwargwadon iko.

Ya ce wannan nau'in ba ya jin magungunan da ke toshe sinadarin jiki na hormone, irin su tamoxifen, saboda haka sai kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara. Jan maganin nan, doxorubicin, da aka yi mata a karon farko ba zai maimaita shi ba, domin akwai iyakar abin da zuciyar mutum take iya ɗauka daga gare shi. Gemcitabine kuma ya jingine shi tukuna, tunda yakan taɓa huhu. Saura biyu: ko paclitaxel ta ƙarin ruwa duk mako, wanda ke zubar da gashi ya sa yatsu su riƙa mutuwa, ko ƙwayoyin capecitabine da za ta sha a gida safe da yamma bayan cin abinci, mako biyu a jere sannan ta huta mako ɗaya, su kuma sukan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsattsage.

Ina ta lissafin kuɗi a zuciyata, sai Yaya ta buɗe tafin hannunta a kan teburinsa ta ce, "Likita, wanne ne zai bar ni in ci gaba da ɗinkin hulunana?" Ya ce, "Hajiya, kowannensu yana iya taɓa hannu, amma idan abin ya tsananta muna rage yawan maganin." Wannan tambaya ita ce ta tsaya mini a rai har yanzu, domin duk cikinmu babu wanda ya taɓa tambayarta abin da take tsoron rasawa, kullum zancenmu shi ne ta ci, ta sha, ta yi haƙuri.

Baban Sadiq ya dage cewa na ƙarin ruwan ya fi ƙarfi, alhali likita bai faɗi haka ba. Ita dai ƙwayoyin ta zaɓa. Ranar Litinin za a duba jininta da ƙodarta kafin ta fara.