Tarihin kurame da ban samu a takarda ba

Na shiga rubutu kan ilimin kurame ne saboda ƙanwata, wadda sanƙarau ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama. Takardu na fara bi, kuma duk inda na buɗe sai na ci karo da sunan Andrew Foster. Baƙar fatar Amurka ne, shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Ya gama karatu a Gallaudet, kwalejin kurame da ke Amurka, a 1954, ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, sai ta Ibadan a 1960, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ta hannunsa da na ɗalibansa yaren hannun Amurka ya shigo azuzuwanmu.

Ina ganin girman mutumin nan ƙwarai. Ya yi koyarwa da hannu a zamanin da hukuncin taron Milan na 1880 ke da ƙarfi, taron da malamai, kusan dukansu masu ji, suka yanke cewa a hana yara kurame magana da hannu a aji, a dage musu da karanta leɓe da furta sauti. Sai a 2010 aka fito fili aka yi watsi da wannan hukunci.

To amma tarihin kurman Hausa ya girmi makaranta. Kafin a buɗe ta Tudun Maliki a Kano a 1977, kurame na da maganar hannunsu, wadda wata masaniyar harshe, Constanze Schmaling, ta yi nazari a kanta ta wallafa a 2000. Wannan tarihin a hannun dattawa yake: teloli, masu wanki da guga, 'yan dako, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. A majalisarsu ta yamma na koyi aikin. Tafinta yakan taƙaita, dattijo ya daɗe yana bayani da hannu da fuska, a ce maka "ya ce sun sha wahala". Dole na zauna na koyi yaren, suna gyara mini hannu. Na ajiye rikoda na koma ɗaukar bidiyo, bayan neman izini, kuma na daina rubutu ana cikin hira, domin da zarar ka sunkuyar da kai ka toshe kunne ke nan a wurinsu. Ko zama sai ka lura da inda haske yake.

Duk babin da na gama nakan mayar musu da shi da hannu kafin ya je wurin bugawa. Sukan ƙara, sukan ce a cire.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yaran da suka fito daga makaranta da yaren aji, ba kowane zancen dattawan nan suke kamawa ba, dattawan kuwa suna ta raguwa. Shi ya sa na jingine littafin da nake kai, na ba ɗaukar hirarsu lokacina tukuna.